Kula da Ruwa da Iska a Mahaƙar Ƙarƙashin Ƙasa

Kula da ruwa da iska shi ne sashen aikin haƙar ma'adinai da ke hana rami cika da ruwa, yake kuma kai wa mutanen da ke ciki iskar da za su shaƙa. A ɓangaren ruwa akwai ramukan tarawa, da tankuna, da madatsai, da famfuna da bututunsu. A ɓangaren iska akwai manyan fankoki, da ƙofofin da ke karkata ta, da injinan sanyaya wuri, da na'urorin auna gas da ƙura. Manyan kamfanoni kan raba aikin gida biyu, kowane da injiniyansa, amma a can ƙasa ba su rabuwa. Wutar lantarki ɗaya ke tafiyar da su, sau da yawa kuma rijiya ɗaya suke bi, wato babban ramin nan da ya miƙe tsaye daga doron ƙasa har zuwa wuraren aiki. In ɗaya ya samu matsala, ɗayan ma ya shiga uku. Rami mai zurfi wurin zaman ɗan Adam ne kawai muddin famfo na ja, fanka na juyawa.

Inda ruwan ke fitowa

Duk wanda ya taɓa ganin ana haƙa rijiya ya san cewa da an wuce wani zurfi ruwa zai fara tsattsafowa. Mahaƙa rijiya ce da ba a son ruwanta. Yana shigowa ta tsagar dutse, yana gangarowa daga sama in an yi ruwan sama mai ƙarfi, wani kuma su masu aikin ne ke saukar da shi da kansu domin sanyaya bakin injin huda dutse da kwantar da ƙura. A mahaƙu da dama nauyin ruwan da ake fitarwa kullum ya fi nauyin dutsen ma'adinin da ake nema.

Mafi muni shi ne ruwan da ya kwanta a tsohon ramin da aka daina aiki a cikinsa. A ranar 27 ga Disamba 1975, a mahaƙar kwal ta Chasnala kusa da Dhanbad a Indiya, bangon da ya raba sabon wurin aiki da tsohon ramin da ya cika ya fashe, mutum fiye da 370 suka rasu. A mahaƙar Quecreek ta jihar Pennsylvania a Amurka, cikin Yulin 2002, tsohuwar taswira ce ta yaudari ma'aikata, suka huda ramin da suke zaton yana can nesa. Mutum tara suka maƙale fiye da kwana uku. Abin da ya riƙe ransu shi ne wani siririn rami da aka huda daga sama aka riƙa tura musu iska mai ɗumi da ƙarfi, har aka janye ruwan aka fito da su duka da rai. Saboda irin wannan ne ƙa'ida ta tanadi a riƙa huda dogayen ramukan gwaji a gaban wurin da ake haƙa. In bakin injin ya ci karo da ruwa, sai a tsaya, a ɗura siminti cikin tsagar da ƙarfi har ta toshe, ko a zuƙe ruwan sannu a hankali kafin a ci gaba.

Ruwan sama ma ba abin rainawa ba ne, ko a ƙasar da ba ta da shi da yawa. A watan Afrilun 2022, tun damina ba ta kankama ba, mamakon ruwa ya keta shingen mahaƙar Perkoa ta Burkina Faso ya kwarara cikin rami. Mutum takwas suka rasu. An shafe makonni ana zuƙar ruwa da fatan sun fake a ɗakin mafaka na ƙarƙashin ƙasa, amma da aka isa ɗakin ba kowa ciki. Daga baya kotu ta sami manajoji biyu da laifin kisa ba da gangan ba.

Tarawa da fitarwa

Ana haƙa kowace hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ɗan gangare, a yi mata kwata a gefe, domin ruwa ya bi da kansa zuwa matattara. Ruwan da ya iso nan ba mai kyau ba ne, cike yake da laka da garin dutse, ga ɗigon mai daga injina. In aka tura shi cikin babban famfo haka nan, yashin zai cinye cikin famfon tamkar an goga masa magagari. Shi ya sa ake fara bi da shi ta wani rami mai siffar mazurari inda zai lafa, laka ta kwanta a ƙasa, tataccen ruwa ya malala ta sama zuwa madatsar da manyan famfuna ke sha daga gare ta. Lakar kuma da nata famfon daban.

Ba a cika ɗaga ruwa daga ƙasan rami mai zurfi zuwa sama a tashi ɗaya ba. Ana yin zango zango, kowane zango da madatsarsa da ɗakin famfunansa. Dalili shi ne nauyi. A ƙasan bututun da ya kai mita 1,000 a tsaye, ruwa na danna kowane wuri mai faɗin farcen yatsa da nauyin kusan kilo 100, kuma ruwan da ya ɓalle daga bututu irin wannan yana iya raunata mutum. Haka ma ruwan aiki da ake saukarwa, ana tsayar da shi a tankuna a kan hanya domin a karya ƙarfinsa. Wasu mahaƙun Afirka ta Kudu kan sa ruwan mai sauka ya juya injin ya ba da lantarki, ko ya taimaka wajen turo ruwan ɗumi sama.

Girman madatsa ba da ka ake yanke shi ba. Tambayar da ake amsawa ita ce, in wuta ta ɗauke, awa nawa madatsar za ta riƙe ruwan da ke shigowa kafin ya kai ɗakin famfo? Domin da zarar ruwa ya shanye famfunan kansu, magana ta ƙare, sai dai a koma zango na sama a fara yaƙin daga can. Saboda haka akan ajiye famfunan ko-ta-kwana, a jawo wuta ta hanya biyu, a kafa ƙofofin ƙarfe masu hana ruwa wucewa a bakin muhimman wurare. Ana kuma ware wani ruwa da ba a taɓa shi sai don kashe gobara, ruwan sha kuma da bututunsa daban.

A nan ne sakaci ya fi ɓuya. Madatsar da aka gina don ta riƙe ruwan awa goma sha biyu, in aka bar laka ta taru a cikinta shekara da shekaru, za ta iya komawa ta awa huɗu, alhali a takarda tana nan yadda take. Na'urar da ke nuna tsayin ruwa ba ta faɗin yawan lakar da ke ƙasa. Sai mutum ya je da sanda ya zura, ya auna, ya rubuta. Yashe matattara aiki ne na ƙazanta da ba ya fito da ko ƙwayar ma'adini, don haka shi ake fara ɗagewa in kuɗi ya yi ƙaranci, kuma bai kamata ba.

Yadda iska ke zagayawa

Iska ba ta shiga rami mai baki ɗaya ta fita da kanta. Dole a yi mata mashiga da mafita. Yawancin mahaƙu na kafa babbar fanka a bakin rijiyar fita tana zuƙo gurɓatacciyar iska, sabuwa kuma ta biyo ta ɗaya rijiyar. Halin iska shi ne bin hanya mafi sauƙi, in aka ƙyale ta za ta yanke daga wannan rijiya zuwa waccan ba tare da ta leƙa inda mutane ke aiki ba. Don haka ake toshe tsofaffin hanyoyi da bango, a sa ƙofofi biyu biyu yadda ba za a buɗe ta biyu ba sai an rufe ta farko, a bar taga mai marfi a wasu bangayen domin a ƙara ko a rage abin da ke wucewa. Hanyar da ake kan haƙawa, wadda ba ta ɓulle ko'ina ba tukuna, ita kuma ana kai mata iska ta dogon bututun leda ko na ƙarfe da ƙaramar fanka. Yagewa kaɗan a jikin ledar, ko ƙofar da direba ya tokare da dutse don kada ya riƙa sauka yana buɗewa, sun isa su hana wani lungu iska gaba ɗaya.

Abin da iskar ke kora ya danganta da irin mahaƙar. A ta kwal babban abokin gaba shi ne gas ɗin mitan, wanda ke fashewa in ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Dokar Amurka ta ce in ya kai kashi 1 a wurin aiki a kashe injina a gyara tafiyar iska, in ya kai 1.5 a janye mutane. Bayan an fasa dutse da nakiya akwai hayaƙi mai guba da dole a jira ya fice. Ga hayaƙin motocin dizal, ga kuma ƙurar dutse mai sanƙarar da huhu, wadda ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. A 2019 kotu a Johannesburg ta amince da sulhun rand biliyan 5 tsakanin kamfanonin zinariya da tsofaffin ma'aikatan da ciwon ƙurar dutse da tarin fuka suka kama.

Ƙara iska na da tsada ƙwarai. In ana son a ninka iskar da ke bin hanya ɗaya sau biyu, wutar da fanka za ta ci sai ta ninka sau takwas. Shi ya sa toshe yoyo da faɗaɗa hanya suka fi sayen babbar fanka amfani, shi ya sa kuma sababbin mahaƙu ke sa na'urorin da ke rage gudun fanka a sashen da ba kowa, su ƙara shi in mutum ko mota ta shiga.

Masifar da ta kawo dokar rijiya biyu

Tun a 1556 littafin Agricola na ƙasar Jamus ya zana famfunan katako da zugazugan tura iska cikin rami, kuma injin tururi na Newcomen da aka kafa a 1712 kusa da Dudley a Ingila, don janye ruwa daga mahaƙar kwal aka yi shi. Amma abin da ya faru a mahaƙar kwal ta Hartley, arewa maso gabashin Ingila, shi ya nuna yadda ruwa da iska ke rataye a igiya ɗaya.

Mahaƙar tana da ruwa sosai, don haka aka kafa mata wani ƙaton injin famfo mai dogon hannun ƙarfe a saman rijiya. Rijiyar kuwa ɗaya ce tak. An raba ta biyu da katako daga sama har ƙasa, iska na sauka ta gefe guda tana fita ta ɗaya, mutane da kwal da sandunan famfo duk ta nan suke bi. Da safiyar 16 ga Janairu 1862 hannun ƙarfen ya karye, rabinsa mai nauyin kimanin tan 20 ya faɗa cikin rijiyar, ya tafi da katakon, tarkace ya toshe ta. Famfo ya tsaya, iska ta tsaya, hanyar fita ta rufe, duk a lokaci guda. Sai bayan kwana shida aka isa ga mutanen, aka tarar gas ya riga ya kashe su. Mutum 204 suka rasu, manya da yara. A shekarar ce majalisar Birtaniya ta wajabta wa mahaƙun kwal mafita biyu. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ɗauki wannan ƙa'ida, ta kuma ba ma'aikaci 'yancin barin wurin da ya ga yana da haɗari ga ransa.

Zafi

Dutse na ƙara zafi gwargwadon zurfi, iska ma kanta tana ɗumama da kusan digiri 1 a kowace mita 100 da ta sauka saboda matsewa. A mahaƙar Mponeng kusa da Carletonville a Afirka ta Kudu, wadda ta doshi kilomita 4, zafin dutse ya kai digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Fanka kaɗai ba ta iya komai a nan. Ana yin ƙanƙara a sama a tura ta ƙasa ta bututu zuwa madatsa, a zagaya da ruwan sanyin cikin na'urorin da ke sanyaya iska. An zaɓi ƙanƙara ne domin kilo ɗaya nata, kafin ya narke, yana shanye zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Ke nan ruwan da za a sake ɗagowa sama ya ragu sosai.

Sai dai ruwan da ke kwantar da ƙura shi ke cika iska da laima, kuma a iska mai laima gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Kwatar ruwan ɗumi da aka bari a buɗe tana ɓata aikin injin sanyi. Mai kula da iska da mai kula da ruwa dole su zauna tare su yanke shawara.

Akuta

A Jamhuriyar Nijar misali mafi girma shi ne mahaƙar yuraniyom ta Akuta, kusa da garin Akokan a yankin Arlit. Kamfanin COMINAK, wanda aka kafa a 1974 da hannun jarin Nijar da Faransa da Japan, daga baya kuma Sifen, ya fara fitar da ma'adini a 1978. Zurfinta kimanin mita 250 ne, ba wani zurfi ba in aka kwatanta da na Afirka ta Kudu, amma hanyoyinta sun haura kilomita 250 in aka haɗa su, kuma ta ba da kusan tan 75,000 na yuraniyom kafin a rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. A lokacin da take aiki, wutar da ke juya fankokinta da famfunanta daga tashar kwal ta SONICHAR take zuwa, kusa da Cirozerin.

A irin wannan mahaƙa abin tsoro shi ne radon, gas marar launi marar wari da ke fita daga dutsen yuraniyom. Rabinsa kan rikiɗe cikin kwana 3.8, ya bar ƙananan ƙwayoyi da ke manne wa ƙura su zauna a huhu, su jawo sankara. Shi ne ciwon da ya riƙa kashe mahaƙan Schneeberg na Jamus ƙarnuka kafin a san sunansa. Maganin radon shi ne kada a bar iska ta daɗe a ciki: a toshe wuraren da aka gama da su, a huda ramukan iska zuwa sama yayin da aiki ke matsawa gaba, kowane ma'aikaci kuma ya rataya na'urar da ke ƙirga abin da jikinsa ya ɗauka. Ruwan da ke tsattsafowa ma yana ɗauke da radon, yana sakinsa da ya fito fili.

Maganar ruwa a Arlit ta fi ta ko'ina nauyi, domin hamada ce. Ruwan da ke cikin duwatsun yankin ya taru ne tun zamanin da Sahara ke da dausayi, kuma ba ya komawa yadda ake ɗibarsa. Daga irin wannan ajiya mahaƙu ke janye ruwa don rami ya bushe, daga ita masana'antar tace ma'adini ke sha, daga ita mutanen gari da dabbobin makiyaya ke sha. Ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa, da Greenpeace a rahotonta na 2010, sun ce sun sami yuraniyom fiye da ƙima a wasu ruwan sha, sun kuma koka kan radon da ramukan iska ke fitarwa kusa da gari. Kamfanin da ke haƙar yuraniyom ɗin ya musanta, yana cewa awonsa na cikin ƙa'ida. Wannan saɓani ya nuna amfanin a ce akwai mai awo da ba ya cin albashin kamfani, sakamakonsa kuma a buɗe yake ga mutanen gari.

Ƙananan ramuka

Masu haƙar zinariya da kuza da hannu, a Zamfara da Neja da Filato ko a Komabangu ta yammacin Nijar, matsalarsu ɗaya da ta manyan kamfanoni, sai dai ba su da kayan aiki. Wasu kan ɗinka doguwar leda kamar hannun riga su zura ta cikin rami, da ƙaramar fanka a baki, dabara ce mai kyau. Babban kuskure shi ne saukar da injin ban ruwa mai amfani da fetur cikin rami, ko ajiye janareta dab da bakinsa. Hayaƙinsa na ɗauke da gas ɗin kabon monoksaid, wanda ba ya wari, sai mutum ya ji ciwon kai da kasala, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Tsohuwar dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitila a ga ko za ta mutu tana nuna ƙarancin iskar shaƙa ne kawai. Fitila na iya ci lafiya lau a wurin da wannan gas zai kashe mutum. Sau da yawa kuma wanda ya sauka ceton ɗan'uwansa ba tare da igiya ba shi ma can yake zama. Injin ya tsaya a sama nesa da baki, ta inda iska ba za ta mai da hayaƙin ciki ba, tiyo kaɗai ya sauka, ko a yi amfani da famfon lantarki mai nutsewa. Da damina kuwa ƙasa kan jiƙa ta rufta, abin da ya sa Mali da Burkina Faso ke dakatar da haƙar gargajiya a waɗannan watanni.

Bayan an rufe mahaƙa

Janye ruwa na da illa a sama tun ana cikin aiki. A yankin Carletonville, zuƙe ruwan da ke cikin dutsen dolomait ya sa ƙasa ta riƙa burmawa, a Disambar 1962 ta haɗiye masana'antar niƙa dutse ta West Driefontein da mutum 29. In an kashe famfo kuma wata sabuwa ce. Ruwa na hawowa a hankali, yana haɗuwa da dutse mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta wanda iska ta riga ta taɓa, sai ya koma asid, ja kamar tsatsa, yana narkar da ƙarafa masu guba. Mahaƙun kwal na Inugu sun sha fama da irin wannan ruwa mai cinye famfo da bututu. A 2002 ya fara ɓulɓulowa a doron ƙasa kusa da Krugersdorp, yamma da Johannesburg, daga tsofaffin ramukan zinariya, har gwamnati ta gina tashoshin da ke zuƙo shi suna kashe kaifinsa da farar ƙasa, a kan kuɗin jama'a, domin yawancin kamfanonin da suka haƙa ramukan sun daɗe da gushewa.

Jamus ta bi wata hanya. Tun a 2007 aka kafa gidauniyar RAG, aka tara mata dukiyar da ribarta za ta riƙa biyan kuɗin janye ruwa a yankin Ruhr ba tare da ranar dainawa ba, domin a can ƙasa ta nitse har wasu unguwanni sun koma ƙasa da koguna, ruwan rami mai gishiri kuma ba a so ya hau ya taɓa na sha. Mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin, Prosper-Haniel da ke Bottrop, ta rufe a Disambar 2018, famfunan kuwa suna nan suna aiki dare da rana.